Kwalin Ashana Tara da Tsakuwa Goma

Aikin farko da aka koya mini a ɗakin gwaje-gwaje shi ne shafa wa gilashi baƙi. Za ka kunna aci-balbal, ka riƙe ɗan gilashi a saman harshen wutar, kana juya shi a hankali har hayaƙi ya rufe shi ƙirin. In ka matsa ƙasa ya fashe, in ka yi sama hayaƙin bai kama ba. Daga nan ka haɗa sababbin reza biyu, ka matse su da yatsa, ka ja layi ɗaya a kan baƙin ba tare da hannunka ya yi rawa ba. Abin da zai fito tsaga biyu ne sirara, dab da juna. Gilashin da na fasa kafin in iya ya fi a ƙirga, kuma har yau akwai tabon reza a babban yatsana.

Ina ba ku wannan labari ne, ku malaman yanzu, saboda makon jiya wasu samari biyu sun zo makarantar su jikata da kwamfuta a jaka, wai sun zo gabatar wa yara da kimiyyar kwantam, wato fiziks ɗin haske da ƙwayoyin da ido ba ya gani, da ƙirƙirarriyar basira. An gayyace ni a matsayin tsohon malami, aka ba ni kujera a gaba. Awa biyu suka yi. Suka haska hotuna a bango, suka yi wa waya tambaya ta ba su amsa, aka tafa, suka sha lemo. Da za su shiga mota ɗayansu ya ce mini, "Ai Baba abin ba wuya, yara sun gane tsaf." Na ce masa to madalla. Ni shekara talatin da ɗoriya na yi a kan wannan aiki, ban gane tsaf ba.

Ni fa ba fiziks na karanta ba. Noma na karanta. A farkon shekarun tamanin aka turo ni wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Kiru, in koya musu renon tumatir da albasa. Da yake gonar makaranta ba ta cin yini guda, sai aka ce in riƙa taimaka wa malamin fiziks da jera kaya. Wani dattijon Ba'indiye ne, siriri, ba ya rabuwa da gwangwanin reza a aljihu, shi ya sa yara suka laƙaba masa suna Baba Reza. A wurinsa na koyi komai: goge madubin gwaji da tsumma mai laushi, haɗa waya da batir, gyara ma'auni in ya karkace, da ɓoye maganaɗisu don kada ya bi 'yan mata zuwa ɗakin kwana.

Ranar da ya fara nuna mini amfanin baƙin gilashin nan ba na manta ta. Da rana tsaka muka toshe tagogi da barguna da buhuna, ɗaki ya yi duhu, zafi kamar gidan burodi. Ya saka tocila a cikin kwali mai 'yar tsaga, ya ajiye can ƙarshen ɗaki, ya ce in kanga gilashin a idona in leƙa. Na ɗauka layin haske biyu zan gani, tunda tsaga biyu na yi da hannuna. Sai na ga layuka jere, haske, duhu, haske, duhu, sun kai bakwai. Ya ce haske tafiyar igiyar ruwa yake yi. In ka jefa duwatsu biyu a tafkin Bagauda, ai za ka ga inda igiyoyin suka haɗu suka tashi, da inda suka kashe juna ruwa ya kwanta. Wannan na gane shi, har na ji daɗi.

Mako na zagayowa ya tsaya gaban aji ya ce haske ƙwaya-ƙwaya ne, kamar gero. Bayan an tashi na same shi.

"Yallaɓai, makon jiya ka ce igiyar ruwa ne."

"Haka na ce."

"Yau kuma ka ce ƙwaya."

"Haka ne. Kuma ko ƙwaya ɗaya-ɗaya ka riƙa sakowa, in suka taru sai layukan nan sun fito."

"To ƙwaya ɗaya, ta wace tsaga ta bi?"

Ya yi murmushi ya ce, "In ka tsaya ka ga ta inda ta bi, layukan sun ɓace."

Na ɗauka Turancina ne ya gaza. Na bari a kan gobe zan sake tambaya, gobe ta zama jibi. Ana haka darajar naira ta faɗi, malamai baƙi suka fara haɗa kaya. Baba Reza ya bar mini gwangwanin rezarsa da wani tsohon littafi da ba shi da bango, ya hau motar Kano. Shugabar makaranta, Hajiya Rabi, ta kira ni ofis ta ce, "Malam Garba, kai ka fi kowa daɗewa a ɗakin nan. Daga Litinin fiziks naka ne." Na buɗe baki zan yi magana, ta ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Albashi dai ina karɓa, sai na ɗauki alli.

A zamaninmu akwai abin da malami ba ya faɗa a gaban aji, shi ne "ban sani ba". Tun a kwaleji aka gargaɗe mu, ranar da ka faɗe shi girmanka ya zube. Saboda haka na ƙirƙiro dabarata. In haddace shafi, in zo in zuba shi a allo da kyakkyawan rubutu, in juyo in ɗaure fuska in ce, "Kun gane?" Su kuma su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Wani lokaci abin har mamaki yake ba ni. Ni da na rubuta kaina a ɗaure yake, su kuwa sun gane. Sai in ce a raina ƙila ƙwaƙwalwar yara ta fi kama irin wannan.

Shekara shida muna haka, sannan muguwar shekarar ta zo. An sauya tsarin jarrabawar fita, tambayoyi suka daina zuwa yadda ake haddacewa. Da sakamako ya fito, 'yan ajina sun zube warwas, yarinya ɗaya ce ta tsallake, ita ma da ƙyar. Na karɓi takardar na karanta ta sau uku, har na juya bayanta ko akwai gyara. Labari ya bazu, 'yan ƙananan aji suka fara gudun kimiyya kamar ɗakin da aka ga maciji. Hajiya Rabi ta dawo daga taro a Kano ta ce mini an ba mu wa'adi. In ba a samu 'yan mata goma sha biyar daga aji uku da za su shiga ajin kimiyya a sabuwar shekara ba, za a rufe shi, a kwashe kayan zuwa wata makaranta a birni, ɗakin ya zama sito. Kuma sai da yardar iyaye. Ranar ziyara saura wata guda, ranar za a rubuta sunaye.

Ta ce, "Ka nemo abin da za ka nuna musu. Ba gilashin nan mai baƙi ba, don Allah."

A lokacin an kawo mana kwamfuta guda ɗaya. Tana ofishin Hajiya, lulluɓe da farin ƙyalle, saboda babu wutar da za ta ɗauke ta. Duk safiya a ɗaga ƙyallen a goge ta a mayar. Yara sun ji a rediyo cewa a ƙasashen waje injuna sun fara tunani, sukan tambaye ni ko tamu ma tana yi. Sai in ce su bari sai sun girma. To ina juya littafin Baba Reza, can wajen ƙarshe, na tarar da bayanin injin da ke koyon wasa da kansa, ba wuta, ba batir. Kwalin ashana kawai.

Ga yadda na haɗa shi. Wasan na tsakuwa goma ne. Mutum biyu suna ɗiba bi da bi, kowa ya ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku. Wanda ya ɗauki ta ƙarshe an ci shi. Na samo kwalaye tara, na rubuta musu lamba daga biyu zuwa goma. A cikin kowanne na saka dawa ɗaya, masara ɗaya, wake ɗaya, sai mai lamba biyu da bai samu wake ba. Dawa na nufin ɗauki ɗaya, masara biyu, wake uku. Injin ne ke farawa. In tsakuwa bakwai suka rage, sai in ɗauki kwali mai lamba bakwai in girgiza, in zura yatsa ba tare da na duba ba, ƙwayar da ta fito ita ce shawararsa. In ya ci wasa a mayar da ƙwayoyi duka. In aka ci shi, ƙwayar ƙarshe da ta jawo masa kaye a cire ta a ajiye gefe. Littafin ya ce da farko zai yi ta shan kashi, a hankali kuma ya gagari kowa.

Na tara 'yan ajin kimiyya da suka rage mini, su bakwai, kullum bayan la'asar muna bugawa. Ni ke girgiza kwali, su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai, injina bai sha kashin da littafi ya ce ba. A kwana biyun farko ya faɗi sau uku ko huɗu, duk kuma shi ya kwashe har ta ƙarshe da kansa, ba wanda ya tilasta shi. Daga nan sai ci. Har Hansatu, 'yar makiyaya daga wajen Burumburum, wadda ta fi kowa lissafi a ajin, in ta zauna sai ta yi shiru ta daɗe tana kallon tsakuwa, ta ɗiba, a ci ta, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Suka sa wa injin suna Ɗan Malam. Nakan buɗe kwalayen in ga ƙwaya kusan cike, in rasa ta ina ya koya. Amma wa ke binciken nasara? Na ce ko dai nawa ya fi na littafi kaifi. Har ofis na je na cika wa Hajiya baki cewa mako uku babu mahaluƙin da ya ci shi.

Abin da ban sani ba, masu dafa abinci suna wucewa ta bakin taga. Sun ga malami yana girgiza kwali, ya fito da ƙwayar hatsi ya duba, ya ƙirga tsakuwa, ya ce wa yarinya an ci ta. Kafin kasuwar Kiru ta ci sau biyu, magana ta kai ƙauyuka cewa malamin kimiyya ya koma duba, yana koya wa 'ya'yan mutane bugun ƙasa. Iyaye suka haɗu suka roƙi Alaramma Malam Ilu, yayan mahaifin Hansatu, ya zo ranar ziyara ya gani da idonsa. Abin da ya ce shi za su bi.

Ranar, bayan azahar, na kafa tebur a gindin mangwaro. Iyaye sun kewaye ni, maza a gaba, mata can baya da kwanukan dambu. Malam Ilu ya iso da sandarsa, dogo, ba ya sauri. Na durƙusa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya karatu? Kai ne mai kwalayen?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wato wasa ne. To ni a ƙuruciya na ɗan taɓa dara kafin karatu ya raba mu. Bismillah." Ya tattara riga ya zauna.

Wasan farko bai kai minti ɗaya ba ya bar wa injin tsakuwa ɗaya. Na ce sa'a ce. Na cire ƙwaya, muka sake. Ya ci. Na uku ya ci. Na huɗu ya ci, ko kallon tebur bai yi sosai ba. Na girgiza kwali da ƙarfi kamar ƙarfin zai taimaka. Wani daga cikin iyaye ya ce, "Ashe ma duban ba ya ci," aka kwashe da dariya. Na dubi kwalayen, su ne dai na jiya. Tsakuwar ita ce. Hannun nawa ne. Na rasa abin da ya sauya tsakanin jiya da yau. Hajiya Rabi ta matso bayana ta ce a hankali, "Malam Garba, tattara kayanka haka nan."

Malam Ilu ya ɗaga kai ya hango 'yar ƙaninsa cikin ɗalibai.

"Hansatu, zo nan. An ce mako uku wannan abu yana cin ku?"

"E, Baffa."

"Ke da tun kina 'yar mitsitsiya kike ƙirga shanu daga nesa? Wannan ya ci ki?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Tambayarki nake."

Ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Baffa, ai Malam ne yake riƙe da kwalin. Ɗansa ne. Ta yaya za mu ci Malam?"

Sauran shidan duk suka dubi ƙasa. Sai a lokacin na gane shirun da take yi kafin ta ɗiba. Ba hanyar ci take nema ba, hanyar faɗuwa take lissafawa, yadda ba zan lura ba. Mako uku suna yi mini kara, injin da ba ya koyo sai an kayar da shi suka hana shi faɗuwa. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage. Na fara tattara kwalaye.

Malam Ilu ya ɗora sandarsa a kan teburin. "A'a. Ba kai ka ce in an ci shi yake koyo ba? To ai ban gama ba. Ni ba na jin kunyarsa."

Muka ci gaba. Ya ci, na cire. Ya ci, na cire. Ƙwayoyin da aka cire suka fara taruwa a gefen tebur, har wata kaza ta zo tana leƙe. Can injin ya ci ɗaya, mutane suka ce "Af!" Malam Ilu ya sake cin biyu. Aka kira la'asar, muka je muka yi salla, na idar ban san abin da na roƙa ba. Da muka dawo babu wanda ya tafi, har mata sun matso. Malam ya ƙara cin ɗaya. Daga nan kuma shi ke nan. Injin ya ci, ya sake ci, ya sake ci. Malam ya gyara zama, ya tura hula baya, yana ƙirgawa da yatsu. Sau takwas a jere kwalin ashana yana bar masa tsakuwar ƙarshe.

Ya ce in buɗe masa su duka. Na buɗe. Mafi yawansu ƙwaya ɗaya tal ta rage. Ya ɗauki wani ya juya shi, ya leƙa ciki, ya shinshina.

"To Malam Garba, ina wayon yake? A wane kwali?"

Na dubi kwalayen. Babu abin da aka ƙara musu tun azahar, ragewa ma aka yi. Na dubi tarin ƙwayar da ke gefe. Ga iyaye, ga Hajiya, ga ɗalibaina suna jira. Na ji bakina ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya fuskanci jama'a. "Jama'a, wannan ba duba ba ne. Mai duba ba ya cewa bai sani ba, kuma ba ya yarda a ƙaryata shi. Wannan lissafi ne. Wanda 'yarsa ke so, ya bar ta." Sannan ya share ƙwayoyin da aka cire ya zuba mini a tafin hannu, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Shi dai ya samu mai cin sa. Kai fa, wa yake cin ka a ajin nan?"

Kafin magariba an rubuta suna goma sha shida. Ɗakin bai zama sito ba.

Ranar Litinin na toshe tagogi, na kunna tocila, na bi da ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya suka leƙa baƙin gilashi. Da muka buɗe tagogi na ce musu maganar ƙwaya da igiyar ruwa ni ma ban gane ta ba, shekara shida ina rubuta musu ita ne kawai, kuma daga yau duk wadda ta kama ni da kuskure ta taimake ni. Na ɗauka girman nawa ya gama zubewa. Sai Hansatu ta ɗaga hannu, rabi-rabi.

"Malam, lissafin ranar Alhamis, akwai kuskure a layi na uku. Duk mun gani tun ranar."

Yana nan a gefen allo ba a goge ba. Na duba, haka ne. Na ɗauki dasta na goge shi, ta zo ta rubuta daidai. Daga wannan shekara na daina tambayar "Kun gane?" Sai in miƙa alli in koma benci. Sakamako bai gyaru a rana ɗaya ba, amma ya gyaru. Tambayar da na yi wa Baba Reza kuwa, ta wace tsaga ƙwayar ta bi, na yi ta da 'yan mata aji bayan aji har na yi ritaya, ba mu ga ƙarshenta ba. Daga baya na ji cewa manyan masana ma suna nan suna gardama a kai, hankalina ya ɗan kwanta.

Ranar da samarin nan suka tafi, da yamma na kira jikata tana wanke-wanke. Na ce ta ɗan bayyana mini kwantam ɗin da aka koya musu, tunda an ce sun gane tsaf. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi tsoho ko ɗaya ban gane ba. Duk ajinmu babu wadda ta gane."

"To da suka tambaya, me ya sa kuka ce kun gane?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Haba tsoho, baƙi ne fa. Tun daga Kano suka taso saboda mu. Sai mu kunyata su?"